Ciwon motar da ke ɓuya idan ta ga bakanike

A garejin kawuna da ke Tudun Wadar Kaduna, motar da aka jawo da igiya ba ta taɓa tayar wa kowa hankali ba. Tunda ta mutu, za a bi ta daki-daki har a gano inda ciwon yake. Wadda take sa Kawu ya ajiye sifana ya nemi benci ya zauna ita ce wadda ta shigo da ƙafafunta, injinta na kaɗawa lafiya lau, mai ita kuwa yana rantsuwa cewa jiya a hanyar Zariya saura kaɗan ya kwana a daji. Sai ya ce yana cikin tafiya ta fara cijewa, ya taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari sau biyu, can kuma ta saki kamar ba ita ba. Na fara zuwa garejin nan a hutun makaranta na 1986, aikina wanke noti da kalanzir a cikin tsohon kwano, kuma tun lokacin na lura cewa da irin wannan ciwo mai zuwa ya tafi ake gane bakanike na ƙwarai.

A shekarun nan kusan mota ɗaya ce ta cika titunan Arewa. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta zama motar gwamnati, motar haya mai dogon zango, motar ɗan kasuwa da ta malamin makaranta. Wannan ya yi wa sana'ar kanikanci rana. Yaron da ya shekara biyar a gareji ya kwance inji iri ɗaya sau ba adadi, har hannunsa ya haddace shi. Silinda huɗu, kafireto ɗaya, famfon mai wanda injin da kansa ke motsawa, sai distiributa mai raba wuta ga fulogi. Tsarin wutar ma tsoho ne ƙwarai, domin tun 1910 wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ya sa shi a motocin Cadillac: kwail, kandansa, da wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa waɗanda muke kira kontak. Tazarar bakinsu ba ta kai rabin milimita ba. Kawu da ɓallin kwalin sigari yake auna ta, bai kuma cika kuskurewa ba.

Abin da inji yake buƙata bai wuce wuta da mai da iska ba, kuma in mota ta rage ƙarfi to ɗayansu ne ya gaza. Wahalar ita ce wanda ya gaza jiya yau ya dawo aiki. Saboda haka Kawu ba ya fara buɗe bonet. Tambaya yake farawa da ita. Da sanyin safiya take yi ko sai rana ta take? A hawa ko a miƙaƙƙen titi? Tanki a cike ko ya yi ƙasa? In ka kashe ta ta huta, tana tashi? A ina ka sha mai na ƙarshe? Wasu masu motar sukan ƙosa, su ce su gyara suka zo ba hira ba. Sai ya ce, “Alhaji, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban ga abin da ta yi ba, kai ka gani.”

Kowace amsa tana nuna wata ƙofa. In sai mota ta yi zafi take cijewa, zargi ya hau kan kwail ko kandansa, domin zafi yana buɗe lahanin da sanyi ya rufe. A watannin bazara kuma, lokacin da kwalta ke narkewa, fetur kan tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya yi ta bugun iska ba mai. Shi ya sa tsofaffin direbobin haya ba sa rabuwa da tsumma da galan na ruwa. Su jiƙa su ɗora a kan famfon, su jira kaɗan, mota ta tashi. Kawu ya mayar da wannan dabara gwaji. Yakan ɗora jiƙaƙƙen tsumman a kan abu ɗaya kawai, in ciwon ya lafa ya san mai laifi. Da hunturu ƙura ke shiga ta toshe jet ɗin kafireto, ƙwayar yashi ɗaya ta zauna ta tashi. Da damina kuwa raɓa ce ke kwanciya cikin murfin distiributa mai tsaguwar da ido ba ya gani.

Irin wannan ta damina ce ta sa ya taɓa tsare ni a gareji har bayan isha'i. Ya tura motar cikin rumfa, ya kashe fitilar ƙwai, ya ce in tayar da ita in zo in tsaya kusa da shi. Da idona ya saba da duhun sai na ga wasu 'yan shuɗayen tartsatsi suna tsalle daga wayar fulogi ta uku zuwa jikin injin, tas, tas, tas. Wutar da ya kamata ta ƙona mai a ciki tana zubewa a waje. Da rana mun yi awa biyu muna kallon wayar nan ba mu ga komai ba.

Wadda ba na mantawa ita ce Fijon wani malamin sakandare. Sau uku yana kawo ta. An wanke kafireto, an canza kontak, an canza fulogi, kuma kowane karo sai ya dawo bayan kwana huɗu ransa a ɓace. A karo na uku Kawu ya wanke hannu ya ce, “Malam, yau tare za mu je.” Ya sa ni a baya riƙe da jarkar fetur da guntun tiyo. Mun wuce Kawo, mun miƙa hanyar Zariya, ba abin da ya faru, har malamin ya fara jin kunya. Bayan mun wuce Jaji sai ta cije. Kawu ya ce a kashe ta nan take, kada a sake murza makulli. Ya fita ya buɗe saman kafireto, ya tarar da kwanon man a bushe. Ya jona tiyon daga jarkata kai tsaye zuwa famfo, mota ta tashi ta dawo da mu Kaduna ba tari ko ɗaya. Washegari aka sauke tanki aka zazzage, sai ga wani ɗan yankin leda kamar tafin hannun jariri. Irin ledar da 'yan bumburutu ke toshe bakin jarka da ita ce. Tana yawo cikin mai, in ta zo bakin bututu famfo ya tsotse ta ta manne, in an kashe mota ta saki ta koma yawonta. Kuɗin aikin sauke tanki kawai malamin ya biya. Yinin da Kawu ya ɓata a hanya babu wanda ya lissafa shi, kuma a ganina daga nan raunin sana'ar ya samo asali: mun saba biyan kuɗin ƙarfen da aka canza, ba mu saba biyan kuɗin tunanin da ya gano shi ba.

Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai ga 'yan Kwatano, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Benin, a biyo da su ta Nijar a shigo ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni. Gareji da ya san inji ɗaya ya wayi gari da iri ashirin. Da yawansu ba su da kafireto. Nozul ne ke fesa mai, famfo na lantarki ne a cikin tanki, kuma wani ɗan akwati da makanikai suka raɗa wa suna ƙwaƙwalwa shi ke yanke yawan man da za a fesa bisa abin da sensa-sensa suka gaya masa. Babu wanda ya koya wa tsarar Kawu wannan. Abin da suka yi shi ne mayar da baƙuwar mota irin wadda suka sani. Aka riƙa cire nozul ana ɗora kafireto. Aka riƙa cire tamostat, a jona fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa, wai don ƙasarmu da zafi. Ban zarge su ba, iyali suke ciyarwa da ilimin da ke hannunsu, amma an yi ɓarna. Injin da aka hana shi kai zafin da aka ƙera shi a kai, ƙwaƙwalwarsa na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, mota ta fara cijewar da babu ita a da.

Akwai kuma abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, mai tace hayaƙi, wanda a gareji ake kira indomi saboda kamarsa da taliyar. Fetur ɗinmu yana ɗauke da dalma har farkon shekarun 2000, dalma kuwa tana kashe shi. In ya narke ko ya farfashe, guntunsa kan juya ya toshe hanyar hayaƙi, mota ta kasa hawa gada, ramin titi ya girgiza shi ta warke. Na ga ranar da Kawu ya gano wannan da tafin hannunsa kawai, ya kara shi a bakin salansa ya ji numfashin ya yi rauni.

Ɗansa na biyu shi ya gaji garejin, shi ne kuma ya kawo sikana. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. In ka jona na'ura a nan, ƙwaƙwalwar za ta faɗi abin da ta gani, har da gudun injin da zafinsa a daidai lokacin da ciwon ya taso. Abin da Kawu ke bin hanyar Zariya don ya kama, yanzu motar da kanta take rubuta shi ta ajiye. Wannan babban ci gaba ne, kuma ina jin zafi in na ga an cire kan batir don a kashe fitilar cek, domin shaidar ce ake gogewa.

Sai dai lambar da na'ura ke nunawa alama ce kawai. P0300 na nufin wuta na tsallake silinda nan da can, P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, babu ɗayansu da ke faɗin dalili. Da yawa sukan karanta lamba su aika yaro kasuwar Panteka ya sayo sensa, in ba ta yi ba a sayo famfon mai, mai mota yana ta biya. A watan Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan, motoci da dama sun yi ta cijewa, kuma tambayar da ta warware matsalar ita ce tsohuwar nan ta Kawu: a ina ka sha mai?

Bara aka kawo wa ɗan nasa wata mota mai nuna P0171, an riga an canza mata famfo da nozul a wani wuri. A tsaye lafiya take, sai an ɗauki hawa take shaƙewa. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma yakan zo ya zauna a bencinsa bayan la'asar. Ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ce, “Ja birkin hannu, ka taka birki, ka sa giya, ka ɗan ba ta wuta. Kai kuma tsaya ka kalli injin.” Da aka taka totur sai injin ya karkata baya fiye da kima, domin robar da ke riƙe da shi ta mutu. Yana karkata sai wata tsaga ta buɗe a ƙasan babban tiyon iska, inda ido ba ya kaiwa, ta shaƙi iskar da sensa bai auna ba. Da aka saki totur ta rufe ruf. Ɗan ya cusa yatsa ya taɓo ta, ya ɗago ya ce, “Baba, ga ta nan.” Kawu ya ce a miƙo masa tiyon. Ya lanƙwasa shi kusa da fuskarsa, ya bi tsagar da babban yatsa, sannan ya ce a sayo robar injin tare da tiyon, in ba haka ba sabon ma wata uku zai yi ya tsage.