Hanyoyin Gano Mazaunin Soja a Tsofaffin Barikokin Turawa

Gabatarwa

Sau da yawa jikokin mazan jiya kan zo wa masu nazarin tarihi da tambaya guda: a wane ɗaki kakanmu ya zauna a bariki? Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa sunan soja shi kaɗai ba ya kai mai bincike ga amsa. Abin da ke kai shi shi ne lambar sojan, da kamfaninsa, da shekarar da ake magana a kai.

Matsalar Suna da Wuri

Tun daga 1897, lokacin da aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, lamba ce shaidar soja a takardun hukuma. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka sunan gari suka bayar a maimakon na mahaifi, saboda haka bataliya ɗaya tana iya ƙunsar mutane da dama masu amsa suna iri guda. Wanda ya bi suna kurum, to, yana iya ɗora tarihin wani a kan wani.

Haka kuma rundunar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Hedikwatar mulki ta tashi daga Jebba zuwa Zungeru a 1902, daga nan ta koma Kaduna a 1917, ga kuma kamfanoni da ake yi wa canji daga wannan gari zuwa wancan. Ke nan dole a fara tsai da shekara kafin a nemi gari.

Sunayen barikoki ma suna ruɗarwa. Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Letmauk a Ibadan, duk tunawa ne da Yaƙin Bama, don haka ba za a same su a takardun da suka riga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Har ila yau, sa wa bariki sunan mutum, kamar na Chari Maigumeri a Lakwaja, girmamawa ce, ba hujjar cewa a nan ya kwana ba.

Matakan Bincike

Na farko, a nemi takardar sallama ko lambar yabo a hannun iyali, domin takardar tana ɗauke da lambar soja da rundunarsa, wasu lambobin yabon ma an zana su a gefensu. Na biyu, a bi rahotannin hukuma a gidan adana takardun tarihi na Kaduna don sanin inda kamfanin yake a wannan shekara. Na uku, a gwada tsohuwar taswirar barikin da abin da ya rage a ƙasa. A nan sai an yi hattara: gidajen hafsoshi Turawa su ne aka fi ginawa da kayan da ke daɗewa, amma ɗakunan ƙananan sojoji na farko na ƙasa ne da jinka, ana rushe su ana sake su. Filin fareti da rijiya da maƙabarta su ne ba sa gusawa da sauƙi, daga gare su ya kamata a soma awo.

Na huɗu, a koma ga baki. Sojoji da matansu suke zama a layi, kuma akwai magajiya mai kula da matan. 'Ya'yan da aka haifa a bariki kan tuna layinsu da maƙwabtansu fiye da kowace takarda.

Kammalawa

A ganinmu, a mafi yawan lokuta iyakar abin da za a iya tabbatarwa shi ne layin kamfani, ba ɗaki ba, kuma mai bincike ya tsaya inda hujjarsa ta tsaya. Sai dai tsofaffin da ke riƙe da labarin suna ƙarewa, gine-ginen kuma suna zubewa. In ba a hanzarta ɗaukar bayanansu ba, tarihin bariki zai zama na hafsoshi kaɗai.