Wuri a Gidan Makama

Mutumin ƙasar Birnin Gwari, ko na Kutemeshi ne ko na Kuyello, in wata hidima ta kai shi birnin Kano, galibi iyakarsa kasuwa. Ya sayi abin da zai saya a Kantin Kwari ko a Sabon Gari, ya nemi mota, ya juyo gida. To, mai karatu, in Allah ya sake kai ka, ka ware sa'a biyu cikin yininka, ka tambayi hanyar fadar Sarki. Daura da fadar, wajen Ƙofar Kudu, akwai wani tsohon gini na ƙasa mai zankwaye, ana ce da shi Gidan Makama. A nan aka tara kayan tarihin Kano don kowa ya zo ya gani, akwai kuma ma'aikata masu zagayawa da baƙo suna yi masa bayani.

Gidan kansa abin kallo ne. Asalinsa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa ya kafa Kasuwar Kurmi. Bayansa ya zama mazaunin Makaman Kano, har sunan ya bi shi. Da Turawa suka ci Kano suka yi ofis a cikinsa na ɗan lokaci, daga baya aka sa makaranta a wani sashe. Sashen da aka ajiye kayan tarihi bai cika girma ba, ɗakuna 11 ne, ana fita wannan a shiga wancan. Akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da taswirar ganuwa, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna da na Turawan farko. Yawancin masu zuwa a gaban kayan yaƙi suke daɗewa, ba kuwa abin zargi ba ne, gama takobi yana da kwarjini. Amma a ganina abin da ya fi kome labari a gidan nan yana cikin kayan ciniki, shi ne kuma mafi ƙanƙanta. Watau wuri.

Yaran yanzu ba su san wuri ba sai a jikin kayan ado ko a faifan boka. Amma kakannin kakanninmu da shi suka sayi gero, da shi suka biya sadaki, da shi suka ba da kuɗin ƙasa. Kalmar nan ma da muke faɗi kullum, kuɗi, jam'in wuri ce: guda ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Shi kuwa wuri ƙwanson wata 'yar halitta ce ta teku, dangin katantanwa. To, ina Hausa ina teku? Daga Kano zuwa Ikko tafiyar mil wajen 700 ce a jirgin ƙasa. Abin mamaki kuma, ko tekun Ikko ɗin ba a cikinta ake samunsa ba.

Can gabas, a kudu maso yammacin ƙasar Indiya, akwai waɗansu ƙananan tsibirai masu yawa a tsakiyar teku, ana kiransu Maldib, mutanensu Musulmi ne. Daga nan mafi yawan wurin da ya zo mana da fari ya fito. Yadda suke kama shi ba wuya. Sai su sari rassan kwakwar attagara su jefa a ruwa marar zurfi, halittun nan su zo su manne. In sun taru a jawo rassan gaɓa, a bar su a rana ko a binne cikin rairayi har naman ya ruɓe, sa'an nan a wanke ƙwanson ya fito fari fat. Ga shi ba ya tsatsa, ba ya saurin fashewa, ba kuma maƙerin da zai iya ƙera na jabu. Saboda haka al'ummai da yawa suka mai da shi kuɗi. Mutanen ƙasar Sin sun yi ciniki da wuri tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce, har yau ma a rubutunsu alamar wuri tana cikin kalmomi da dama da suka shafi dukiya da saye da sayarwa. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya zauna a tsibiran Maldib ya ga yadda ake tara shi, da ya zo ƙasar Mali a 1352 kuma ya tarar ana ciniki da shi. Wannan wuri na Mali ta hamada ya shigo a kan raƙuma, don haka bai yi yawan da zai ishi ƙasashen Sudan duka ba.

Waɗanda suka buɗe masa babbar ƙofa su ne Turawan Fotugal. Ƙasarsu ƙarama ce a yammacin Turai, amma su suka riga sauran Turawa ƙwarewa ga tafiyar teku mai nisa. A 1482 suka gina ganuwarsu a Elmina, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Bayan 'yan shekaru kaɗan suka isa wurin Sarkin Bini. A 1498, watau Rumfa yana kan gadon Kano, wani shugaban jiragensu mai suna Vasco da Gama ya kewaye ƙarshen Afirka ta kudu ya sauka Indiya. Suka kama Gowa a 1510, suka yi ta matsawa gabas har suka sami wurin zama a Makau, a bakin ƙasar Sin, a 1557. Ba su bar Makau ba sai a 1999.

Jiragen wancan zamani da iska suke tafiya, kuma dole a zuba musu wani abu mai nauyi a ciki can ƙasa don kada su kife. Da ma duwatsu ko yashi ake zubawa. Sai 'yan kasuwar Fotugal suka ga ai gara su zuba abin da zai sayu. Saboda haka jirgi ya taso daga Indiya, a sama ga kayan yaji da tufafi da tangaran na Sin, a ƙasa ga wuri. A sauke a Lisbon, babban birninsu, sa'an nan a sake ɗora wurin a wani jirgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Tun wajen 1515 aka fara wannan. Daga baya mutanen Holan da Ingilishi suka ƙwace cinikin, suka riɓanya shi.

Me ake saye da wurin nan a bakin teku? Mafi yawa mutane. Wannan ba ya rubuce a jikin wuri, amma ya kamata mai kallo ya tuna da shi. Jirgin da ya sauke buhunan wuri a Wida ko a Ikko, da bayi yake cika cikinsa zuwa Amurka, cikinsu har da Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙe aka gangara da su kudu. A birnin Bahiya na ƙasar Barazil, inda Fotugal ta yi mulki, bayi Hausawa sun yi yawa har suka ta da bore a 1807 da shekarun da suka biyo.

Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ka ga ke nan kusan shekara 200 kafin sojan Ingilishi ya tsaya a bakin ganuwar Kano, kayan da jiragen Turawa suka kawo ya riga ya shiga aljihun kowa. Sarakuna kuwa ba su yi jinkirin gane amfaninsa ba, gama abin da ke ƙirguwa yana da daɗin karɓa. Sharefa ya ƙaga haraji iri iri. Ɗansa Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Wuri daga bakin teku ta ƙasar Yarbawa yake hawowa, ya ƙetare Kwara, ya shiga Nufe, daga nan fatake su ɗauko shi a kan jakuna da kawunan 'yan alaro zuwa arewa. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu ta tsohuwar Birnin Gwari ta bi, ta ratsa dajin nan namu ta faɗa Zariya, sa'an nan Kano. Baturen nan Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ita ya biyo a 1826 bayan ya taso daga Badagiri, ya kuwa sauka Birnin Gwari ya tarar da gari mai ganuwa. Garin da ke kan hanyar ayari ba ya rasa samu. Madugu zai biya fito, mata su sayar da tuwo da fura a zango, manomi ya sayar da dawa da harawa, duk da wuri. Barno kam ta daɗe tana ciniki da gabaga, ba ta karɓi wuri sosai ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19.

A 1851 wani Bajamushe, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano ya rubuta abin da ya gani. A lissafinsa tufafin da Kanawa ke saƙawa su rina su fitar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. A lokacin wuri 2,500 ne liyari guda na azurfa. Wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya, watau kayan mutum guda. In ka yi lissafi za ka ga kuɗin tufafin nan keso 15,000 ne, kuma ƙato ya yini yana nishi a ƙarƙashin abin da bai wuce liyari 8 ba. Ƙirgar ma sana'a ce. A zube a ƙasa, a riƙa ja biyar biyar da yatsu ana tarawa, mai babban ciniki sai ya ɗauki masu ƙirga ya biya su lada.

Abin da ya karya wuri shi ne yawansa. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka gano wani iri a Zanzibar, wanda ya fi na Maldib girma da araha, suka yi ta jibgo shi a gaɓar teku jirgi bayan jirgi. Wanda ya tara wuri a rumbu yana ganin ya yi arziki, sai ya wayi gari abin da yake saye da ɗari ya koma ɗari biyu, ba kuwa wanda ya shawarce shi. Wani Bature mai suna Robinson da ya zo Kano a ƙarshen 1894 ya ba da labarin dokinsu da ya gaza a hanya. Suka so su sayar, sai suka ga kuɗinsa sai an ɗauki 'yan alaro 15, ladan 'yan alaron kuwa zai cinye kuɗin dokin duka tun ba a je ko'ina ba.

Yanzu sai ka koma ɗakin hotunan Turawa, za ka dube su da wani ido. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya ci Kano da sojan da ya taso da su daga Zariya, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Shekara guda bayan haka, a 1904, Gwamna Lugga ya yi doka ya hana shigo da wuri ƙasar Arewa. Aka kawo sule da sisi da taro, wajen 1908 kuma aka fito da anini mai huda a tsaka, don ƙananan saye-saye irin na gishiri da daddawa waɗanda dā sai wuri. Rabin kwabo aka sa masa suna ɗari, don a bakin wuri ɗari aka karɓe shi. Sannu a hankali aka ce haraji sai da kuɗin Turawa. Talaka ba ya haƙo sule a gona, dole ya noma abin da kamfani ke saye, ko ya tafi aikin hanyar jirgi ko haƙar kuza a Jos.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai da auduga, don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka auna suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi a ci ta a gida. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano, har aka zo ga dalar gyaɗa da su Alhasan Ɗantata, wanda dā fataucin goro yake yi a Gwanja. Ita gyaɗar ma baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu, jiragen Fotugal ɗin nan su suka ƙetaro da ita Afirka, kamar yadda suka kawo rogo. Mu kuwa a Birnin Gwari jirgin bai biyo ta kanmu ba, ta Minna da Kaduna da Zariya aka ja shi. Kayan da ayari ke kwana da kwanaki yana ja ta dajinmu, sai ga shi jirgi yana wucewa da su ta gabas, zangon fatake ya yi ta raguwa. Sai da aka yi hanyar mota ta Tegina zuwa Kaduna sa'an nan baƙi suka sake yawaita a ƙasar.

Kafin ka fita, ka tsaya wajen kayan saƙa da rini, ka dubi irin tufafin da Barth ya yi wa lissafi. Akoko da atamfar Ingila su suka fara rage musu kasuwa. Wajen lokacin samun mulkin kai aka kafa masaƙu na zamani a Kaduna da Kano, babbar cikinsu kuwa, United Nigerian Textiles ta Kaduna, wani attajiri Basine daga Hong Kong, Cha Chi Ming, shi ya kafa ta a 1964. Ta ɗauki dubban ma'aikata, ta tsaya da aiki a 2007, sa'ad da atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta cika kasuwa. Marinar Ƙofar Mata tana nan ba nisa da Gidan Makama, ana iya zuwa da ƙafa, amma kaɗan daga cikin rijiyoyinta ne ke da baba a ciki. Daga can in ka miƙe zuwa Kantin Kwari ka sayi turmin atamfa na tsaraba, juya bakinsa ka karanta inda aka buga shi.