Kaburbura biyu a Maijirgi da tambayoyin yara

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, in ya wuce Tasawa kaɗan, zai iske Maijirgi. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 da nufin kaiwa tabkin Cadi, suka bar toka da gawawwaki a bayansu: Sansane Hausa a watan Janairu, Birnin Ƙonni a watan Mayu, da ƙauyuka da dama da ba a rubuta sunansu ba. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya tsai da su. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Ranar 16 aka kashe Chanoine, kashegari kuma Voulet.

Yaran Maijirgi suna girma kusa da kaburburan nan. Duk malamin firamare da ya taɓa kai ajinsa wurin ya san tambayar farko: wa ya kashe su? Amsar ita ce sojojinsu. A nan ne darasin da muka saba bayarwa, na Nasara azzalumi da baƙar fata abin zalunta, yake fara tangaɗi. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Masu riƙe da bindigogin ɗaruruwan ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma. Su aka sa suka ƙone garuruwa, su ne kuma suka juya bakin bindiga a ƙarshe. An ruwaito ma cewa bayan kisan Klobb, Voulet ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, ya koma sarki baƙar fata. Yaro ɗan shekara tara yana iya gane abin da ke cikin wannan magana in aka ba shi lokaci: launin fata bai ba da umarni ba, mulki ne ya ba da shi. Sai dai kar mu yi sauri mu wanke Faransa. Ita ta shirya ayarin, ta bar shi ya ci da kansa a bisa hanya, kuma ragowarsa ne suka ci Damagaram a ƙarshen wannan watan na Yuli.

Zancen mata ya fi wuya. Littattafanmu sun riƙe mace guda, Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari ayarin a watan Afrilu. Abdoulaye Mamani ya ɗaukaka ta a littafinsa na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ƴan mata na jin daɗin labarinta, kuma sun yi gaskiya. To amma ayarin yana jan ɗaruruwan mata da aka kama a garuruwa aka raba wa sojoji kamar ganima, su ke daka, su ke ɗiban ruwa. Babu wadda sunanta ya iso mana. Ba na ganin ya kamata a kwatanta wa ƙananan yara abin da Klobb ya gani a Koran Kalgo. Ya isa a tambaye su: wa ya dafa wa sojojin nan abinci, kuma da yardarta ne? Wata yarinya ta taɓa amsa mini da tata tambayar, wai shin matan sun koma gida. Shiru na yi.

Sai ƴan dako, waɗanda aka ɗaure da igiya a wuya, wanda ya gaji a kashe shi. Daga nan magana ba ta da nisa da filin wasa na makaranta, inda har gobe yaro ke zagin ɗan'uwansa da bawa, ko ya yi wa ɗan maƙeri da ɗan mahauci gorin asali. Bauta ba Voulet ya kawo ta ba. Ya iske ta, ya mora. Faransa ba ta soke aikin tilas ba sai 1946. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadijatu Mani gaskiya a ƙarar da ta kai ƙasar. A aji guda akwai jikan mai sarauta da jikan wanda aka mallaka, a benci ɗaya, kuma yawanci sun san haka tun kafin malami ya sani. Saboda haka ba a nuna kowa da yatsa, ba a tambayar yaro asalinsa. Ana barin mutanen 1899 su ɗauki nauyin zancen.

Da wane harshe? Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, amma yawancinmu da Faransanci muka koyi tarihi, muka haddace shi don jarrabawa. Ina koyar da harsunan biyu, na kuma lura cewa kalmar Faransanci ta bawa ba ta taɓa kowa a aji, ana rubuta ta a wuce. In aka faɗe ta da Hausa kuwa, sai ka ga wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna waige. A wannan lokacin ne nake ajiye alli, in ce kowa ya je ya tambayo kakarsa abin da ta ji game da shekarar da Nasara suka zo.