Wa Ke Hukunta Injiniya In Aikinsa Ya Rufta?

Tun da aka gano zinariya a Jado da Tchibarakaten a 2014, samarinmu ke tururuwa zuwa arewacin Agadas, kusa da iyakar Aljeriya. Abin da ke damuna shi ne, wa ke duba ramin da suke shiga kafin su shiga? Tarihi ya nuna cewa sai an yi asarar rayuka ko dukiya ake tuna wannan tambaya.

A 1907 gadar Kebek ta Kanada ta rushe ana cikin gininta, ma'aikata 75 suka mutu, bincike kuma ya gano kuskure a lissafin nauyinta. A shekarar ce jihar Wayomin ta Amurka ta fara dokar ba injiniyoyi lasisi. A 1997 asirin kamfanin Bre-X ya tonu: an barbaɗa zinariya a samfurin duwatsun Busang na Indunusiya, masu hannun jari suka tafka asara. Daga 2001 Kanada ta wajabta cewa ƙwararre mai rajista ne zai ɗauki alhakin rahoton ma'adinai.

Nijeriya ta kafa COREN a 1970 don injiniyoyi, sannan dokar 1990 ta kafa COMEG don injiniyoyin ma'adinai da masana ƙasa. Idan aka kai ƙarar injiniya COREN, kwamitin bincike zai fara dubawa, sai kotun ladabtarwa ta saurare shi. In laifi ya tabbata, ana iya jan kunnensa, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista.

Sai dai wannan sanda ba ta kai ga wanda bai yi rajista ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga haƙar gargajiya ta fito. Haka ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa na Maraɗi a Nuwamban 2021, ya ci aƙalla mutum 18.

A ganina, aikinmu iyaye da malamai biyu ne. Yaron da ke da kai a lissafi, mu nuna masa hanyar makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas ko EMIG a Yamai. In kuma za a gina aji ko a haƙa rijiyar burtsatse a makarantarmu, mu nemi takardar rajistar injiniyan kafin a ba shi ko sisi.