Kalmar Injiniya da Taƙaddamar Masu Rubuta Manhaja

Kalmar "injiniya" baƙuwa ce a Hausa. Daga Ingilishi aka aro ta, tare da 'yar'uwarta "inji", a zamanin da Turawa suka mayar da Tamale hedkwatar arewacin Gwalkwas a 1907, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Injiniya a wancan lokaci shi ne mai shimfiɗa hanya da gina gada. Daga baya bakin jama'a ya faɗaɗa ta, har a unguwanni irin su Changli a Tamale akan kira mai gyaran janareta injiniya don girmamawa.

Doka ba ta da wannan sassauci. Nijeriya ta kafa hukumar COREN a 1970, Gana kuma ta yi dokar Majalisar Injiniyoyi a 2011, domin wanda gadarsa ta rufta ya amsa tambaya da sunansa.

Masu rubuta manhaja sun shigo daga baya. A 1968, a wani taron NATO a Garmisch ta Jamus, aka yayata laƙabin "injiniyancin manhaja", da gangan, don a zaburar da sana'ar da ayyukanta ke yawan wuce wa'adi da kasafi. Buri ne aka sanya wa suna. Amurka ta fara jarrabawar lasisinsu a 2013, ta soke ta a 2019 saboda ƙarancin masu zaunawa.

Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce. Alhaki ne bai kammala ba. 'Yar kasuwar Tamale da kuɗinta ya maƙale a waya saboda kuskuren manhaja ba ta san sunan wanda ya rubuta ta ba.