Asalin Sunan Yahuza

A Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, da wuya ka zaga unguwa ba ka ji an kira Yahuza ba. Mutane da yawa sun ɗauka sunan Hausa ne tsantsa, irin su Tanko da Ɗanjuma. Alhali kuwa baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Tushensa Ibraniyanci ne, harshen Bani Isra'ila, kuma su Yahuda suke cewa.

Annabi Yaƙubu (AS) yana da 'ya'ya maza 12. Na huɗunsu shi ne mai wannan suna, ɗan Lai'atu, yayar Rahila mahaifiyar Annabi Yusufu. Littafin Farawa, babi na 29, ya kawo labarin cewa Lai'atu ta daɗe cikin ɓacin rai, don ta ga maigida ya fi son ƙanwarta. 'Ya'yanta uku na fari, Ra'ubainu da Saminu da Lawi, duk ta sa musu sunayen da ke ɗauke da kukanta na neman shiga zuciyar miji. Da ta haifi na huɗu sai ta ajiye ƙorafi, ta mai da al'amarinta ga yabon Ubangiji. Daga kalmarsu ta yabo da godiya aka ciro sunan yaron. Ashe Yahuza da Hamidu kusan manufarsu ɗaya ce.

To, yaya aka yi ya zama sunan ƙasa? Mutanen Dutsin-Ma ba za su yi mamaki ba, don an ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kan dutsen, garin ya ɗauki sunansa. Haka ta faru da Yahuza. Zuriyarsa ta yaɗu ta zama ƙabila, ta zauna a tuddan kudancin Kan'ana, wajen Hebron da Baitalami, aka riƙa kiran yankin da sunan kakansu. Daga cikinsu Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu suka fito.

Bayan rasuwar Annabi Sulaimanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai mulki ya rabu gida biyu. Arewa ta zama Isra'ila, daga baya ta yi hedkwata a Samariya. Kudu ta zama Yahuza, babban birninta Urushalima, wato Ƙudus. Assuriyawa suka ci Arewa a 722. Kudu ta jure har wajen 586, lokacin da Bukhtanasar sarkin Babila ya rushe birnin, ya kwashe manyan mutanensa. Da Farisawa suka ci Babila a 539, suka bar su suka koma gida, lardin ya ci gaba da amsa sunansa. Tun daga nan duk wanda ya fito daga can ake ce masa Bayahude, ko da ba jinin Yahuza ba ne. Rumawa kuma suka kira ƙasar Yahudiya, har wajen 135 Miladiyya, da Sarki Hadiriyan ya murƙushe tawayen Yahudawa, aka sauya mata suna zuwa Suriya Falasɗinu.

Mu kuwa ta hannun malamai sunan ya zo mana. Larabawa suna rubuta shi da harafin zalun, wanda Bahaushe ke furtawa kamar yadda yake cewa Mu'azu da zikiri. Alƙur'ani bai ambaci sunayen 'yan'uwan Yusufu ba, masu tafsiri ne suka kawo su. Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi, ya ce Yahuza ne ya hana a kashe Yusufu, ya ba da shawarar a jefa shi rijiya. Ya kuma ce shi ne ya kai wa mahaifinsu rigar jinin ƙarya, shi ne kuma ya ɗauko rigar bushara daga Masar, don yana son ya faranta wa tsohon rai kamar yadda ya baƙanta masa. Ɗaya daga marubutan littafin, Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura. Kiristocin Hausawa ma sukan karanta Yahuza a Littafi Mai Tsarki.

Wannan shi ne asalin Yahuza. Uban da zai raɗa wa ɗansa shi ranar suna, ya kamata ya san abin da ya ɗora masa, ya kuma gaya masa idan ya yi wayo: godiya ga Allah a halin ƙunci, da ƙoƙarin mutum ya gyara ɓarnar da ya yi da hannunsa tun wanda ya ɓata wa yana da rai.