Daga Kuka zuwa Dunƙule: Tarihin Tukunyar Wanda Bai Iya Girki Ba

Akwai amsar da na saba ji a tagar ba da magani idan na miƙa wa mai hawan jini ƙwayoyinsa, na ce ya gyara cimarsa: "Likita, ni fa ban iya girki ba." Samari masu zaman kansu ne suka fi faɗin haka, sai dattijon da uwargida ta kwanta jinya. Shinkafa da mai da yaji yau, taliya gobe, jibi a koma shinkafa. A zatonsu sauya abinci sai gwani. Tarihin tukunyarmu bai goyi bayan wannan zato ba.

A gidan Bahaushe na dā, tuwo ɗaya ne, na dawa ko na gero. Miya ce ke sauyawa. Da damina a tsinko tafasa da rama da yakuwa da alayyahu. Kafin rani ya kama, mata sun shanya kuka da kuɓewa da karkashi sun adana. Hanyar haɗawa kuwa kusan ɗaya ce: ruwa ya tafasa, a zuba daddawa da ɗan gishiri, a kaɗa da maburgi. Yarinyar da ta iya miyar kuka ta kusa iya sauran. Bambancin yana cikin ganyen da aka ɗauko, ba cikin gwanintar hannu ba.

Tukunyar ba ta ƙyamar baƙo. Barkono da tumatir da masara da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Da layin dogo ya kai Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa ƙwarai, ita ce kuma uwar ƙuli-ƙuli, wanda a ganina babu abin da ya kai shi rufa wa marar iya girki asiri.

Baƙon da ya fi sauya mu daga Suwizalan ya zo. A shekarun 1880, matan da ke aiki a masana'antun ƙasar ba su da lokacin girki, iyalansu na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Julius Maggi, mai injin niƙa, ya haɗa kai da wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, suka fitar da garin wake mai saurin dahuwa. A 1886 miyar da ake haɗawa nan take ta shiga kasuwa, dunƙulen kuma ya biyo baya a 1908. Wato da niyyar taimakon irin majinyatana aka fara. Sai dai da dunƙule iri-iri suka cika kasuwanninmu, daddawa ta ja baya, ɗanɗanon miya ya soma komawa ɗaya ko da ganyen ya bambanta. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Ba na wanke kakanninmu gaba ɗaya. Kanwa ma sodiyam ce, kuma a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Saboda haka idan saurayi ya ce mini bai iya girki ba, kwaɗo nake koya masa. A dafa zogale a tsame, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a cakuɗa. Gobe rama ta maye gurbin zogale, jibi kabeji ko latas, waɗanda wanki kawai suke buƙata. A tukunyar shinkafa kuwa, a zuba wake ya fara laushi kafin ita, a raba dunƙule biyu a cike da daddawa. Wanda ke shan warfarin, maganin tsinka jini, shi kam ya zo mu yi magana kafin ya ƙara ganye a cimarsa, domin bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin.